Birnin da Ba Shi da Ganuwa

Iyayen da suka kai yara yawon buɗe ido Kaduna ba za su tarar da ganuwa irin ta Kano ko Zazzau ba. Turawa ne suka kafa garin, suka dawo da hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Tarihinsa yana cikin gine-ginen mulki: Zauren Lugard, tsohon mazaunin majalisar Jihar Arewa, da Gidan Arewa, inda sojoji suka kashe Sardauna Ahmadu Bello ranar 15 ga Janairu, 1966. Yini guda ya ishi yaro ya zaga su, ya kuma fahimci cewa shekara 50 kacal aka yi ana mulkin Arewa daga nan, kafin a raba ta jihohi shida a 1967.