Geto: yadda katanga ta zagaye unguwa

Samarinmu sun ɗauko wata kalma, wai geto. Duk lungun da babu kwalta, ko rumfar da ake zaman hira har dare, sai ka ji sun ce geto ce. A waƙoƙin Amurka suka tsince ta. Amma kalmar ta girmi Amurka, kuma tarihinta ba abin ado ba ne.

A shekarar 1516 hukumar birnin Benis ta ƙasar Italiya ta tattara Yahudawan garin a wani ɗan tsibiri inda a da ake narka ƙarfe. Da rana su fito neman abinci, da dare a kulle ƙofa. Sunan wurin ne ya bi duk wata unguwa da aka tsare mutane a ciki. Mun san abin da ke zukatan jama'a in an ambaci Yahudawa, saboda Falasɗinu. To amma waɗanda za mu yi magana a kansu teloli ne da 'yan tireda da tsofaffi da yara, kuma addininmu bai halatta zalunci a kan kowa ba.

Hitila ya auka wa ƙasar Folan ranar 1 ga Satumba 1939. A nan gida dattawa sun fi tuna yaƙin da jiragen Ingila da suka riƙa sauka Maiduguri tun 1940, daga Takoradi a kan hanyarsu ta zuwa Masar. A waccan shekarar ce Jamusawa suka shata geto a Warso, babban birnin Folan, suka rufe ta ranar 16 ga Nuwamba. Katanga ce ta bulo mai tsayin kamar mita 3, ta zagaya kusan kilomita 18. Mutum fiye da 400,000 aka cusa a fili wanda bai kai murabba'in kilomita uku da rabi ba. Wato kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin a kan ƙasar da ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Ɗaki ɗaya, mutum bakwai. An fara da ƙofa 22, ana ta ragewa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, mu 'yan kasuwa, shi ne yadda aka ja layin. Akwai titin Kilodna wanda ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari yake bi. Jamusawa ba su so a tsayar musu da zirga-zirga, sai suka bar titin a wajen geto, ya raba unguwar gida biyu. A farkon 1942 aka ɗora gadar katako a samansa. Ka hau gada, ka hango masu 'yanci suna wucewa a ƙarƙashinka, ka sauka cikin yunwa. Rabon abincin da aka yanka wa Bayahude a 1941 bai kai kashi ɗaya cikin goma na Bajamushe ba. Saboda haka fasa-ƙwauri ne ya riƙe rayuka. Yara ƙanana suna kutsawa ta ramukan gindin katanga su dawo da dankali a cikin riga. Ana bi ta maƙabarta, don ta Yahudawa tana maƙwabtaka da ta Kirista. Akwai ginin kotu mai ƙofa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, nan ake haɗuwa ana musayar kaya a ɓoye. Duk da haka fiye da mutum 80,000 yunwa da cuta suka kashe kafin tsakiyar 1942.

A birnin Lodz ma wannan ƙafar ba ta samu ba. Sun zaɓi Baluti, unguwar talakawa wadda ba ta da magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, balle a bi ta ciki a fita. Suka rufe ta a ƙarshen Afrilu 1940 da mutum kamar 160,000, suka buga musu kuɗi na daban wanda ba ya sayen komai a waje. Duk wanda ya taɓa ciniki ya san ma'anar wannan: wa zai kawo maka gari ya karɓi takardar banza?

Sai kuma tashar jirgi. A arewacin geto ta Warso akwai filin lodin kaya a gefen layin dogo. Daga 22 ga Yuli zuwa Satumba 1942 aka kwashi mutum kusan 265,000 daga nan zuwa Tirebilinka, inda aka kashe su. Nisan wurin kamar kilomita 80 ne, ya ɗan fi daga nan zuwa Bama. Ba a sha wahalar nemansu gida-gida a faɗin birni ba, an riga an tara su. Sauran sun ɗauki makami ranar 19 ga Afrilu 1943, suka yi kusan wata guda suna faɗa, aka ƙone unguwar kurmus.

Hujjar da Jamusawa suka kafa ta gina katangar ita ce cuta, wai zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Gwamna Lugga ma da sauro ya fake: dokar garuruwa ta 1917 ta zo da tsarin barin fili na yadi 440 babu gini tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata. A Kano, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, aka yanka Sabon Gari don 'yan kudu. Birni na cikin ganuwa, Fagge zangon fatake, Nasarawa ta Bature. Kada a ce mun haɗa Sabon Gari da Warso. Babu wanda ya kulle ta, kuma mutane sun yi arziki a ciki. Sai dai ranar da rikici ya tashi, a Mayu 1953 da kuma 1966, kowa ya san titin da zai bi ya sami wanda yake nema. Wannan shafi ne mai ɗaci a tarihinmu, ba na wasu ba.

Mu kanmu mutanen zango ne. Tun da Shehu Garbai ya dawo Yerwa a 1907 garin nan yake da Hausari da Fezzan, kowa kusa da masu jin harshensa. A Ibadan an keɓe wa Hausawa Sabo a 1916. Zango ya yi mana rana: mai masauki, masallaci, makarantar allo, wanda zai tsaya maka a ba ka goro bashi. Amma a Nuwamba 1969, da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, zangunan Kumasi da Ankara ne suka fara girgiza. Mutanen da aka haifa a can suka sayar da gida da shago a wulaƙance suka hau mota.

Mazauna Wulari kuwa ba sa bukatar a fassara musu dokar hana fita. Daga Mayu 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, an yanke layin waya, an toshe bakin layuka da itace da buhunan yashi, daga baya aka haƙa rami aka zagaye gari. Don kare mu aka yi, kuma mun ga amfaninsa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ba mu manta yadda mudun gero ya tashi ba duk ranar da aka rufe hanyar Damaturu, ko yadda mai naƙuda take jiran asuba saboda ba a san wanda zai ɗage sandar bakin layi ba.