Daga Yaba zuwa fom ɗin mastas: tarihin katangar da ke gaban mai HND

Jama'a, lokacin sayar da fom ɗin digiri na biyu ya sake zagayowa, kuma tsohuwar rigimar nan ta dawo. Jiya da daddare ɗan maƙwabcina ya zo mini ransa a ɓace. Yaron nan ya yi difloma shekara biyu, ya yi shekara ɗaya ta koyon aiki, ya koma ya yi HND shekara biyu, ya fito da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa. Shekara biyar ke nan kafin bautar ƙasa. Ya je neman mastas aka ce masa sai ya fara yin PGD tukuna. Abokinsa da ya yi shekara huɗu a jami'a ya fito da 2:2, shi kai tsaye zai wuce. Ya ce mini, "Baba, wai wa ya kafa wannan doka?"

Na ce masa zauna, maganar ta girmi babanka.

Sharuɗɗan dai kusan iri ɗaya ne a yawancin jami'o'inmu: kiredit biyar na sakandare har da Turanci, digiri na farko aƙalla 2:2, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, sai cikakken sakamako daga makarantar da ka baro. Mai digiri aji na uku da mai HND kuwa layi ɗaya ake sa su, duk su bi ta PGD. Wato wanda ya zo na ɗaya a kwalejin kimiyya da fasaha da wanda ya sha da ƙyar a jami'a, a idon takarda ɗaya suke. Nan ne abin yake yi wa yara ciwo.

Asalin abin yana Legas. A 1932 Turawan mulkin mallaka suka kafa Babbar Kwalejin Yaba, aka yi bikin buɗe ta a 1934. Ita ce makarantar gaba da sakandare ta farko irinta a ƙasar nan. Shiga da wuya, karatu da tsawo, ana koyar da aikin likita da injiniya da gona da koyarwa. Amma idan ka gama difloma za a ba ka, wadda ba ta da daraja a wajen Nijeriya, kuma muƙaminka "mataimaki" ne: mataimakin likita, mataimakin injiniya. Bature ko ɗan ƙasa da ya yi digiri a Ingila shi ne ubangidanka, albashinsa ya fi naka nesa ba kusa ba, ko da ka fi shi sanin aikin. Mutanen Legas ba su yi shiru ba. Fushin wannan tsari na cikin abin da ya sa su Ernest Ikoli da H. O. Davies suka kafa ƙungiyar matasan Legas a 1934, wadda ta zama ƙungiyar matasan Nijeriya bayan shekara biyu. Ku duba fa, rigimar difloma da digiri tana cikin tushen gwagwarmayar neman 'yancin kai.

To ga inda hanya ta rabu biyu. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗaliban Yaba aka kwasa aka kai can, mutum 104 suka fara. Digirin Jami'ar Landan ake ba su, har zuwa 1962. Gine-ginen Yaba kuma aka bar wa makarantar koyon sana'a da fasaha, wadda ita ce Yabatech ta yau. Gida ɗaya aka raba: wani ɗa ya tafi da sunan Landan, wani ya gaji bita da injuna. Mu ma a Arewa haka muka bi sawu, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kadpoly kuma ta samu sunanta na yanzu a 1968. Daga baya kowane ɓangare ya samu hukumarsa, jami'o'i suna ƙarƙashin NUC, kwalejojin fasaha suna ƙarƙashin NBTE da aka kafa a 1977. A aikin gwamnati ma an daɗe mai HND yana tsayawa a mataki na 14, mai digiri yana kaiwa 17. Kalmar "mataimaki" ta Yaba ce ta canza riga.

Abin da ke ba ni dariya mai ciwo shi ne, waɗanda suka kawo mana tsarin sun sauya nasu. A 1992 Birtaniya ta yi doka ta ba kwalejojinta na fasaha damar zama jami'o'i, suna ba da digirin kansu. Kada in yi son kai, ko a can HND ba digiri ba ce. Amma shekara biyu ake yin ta, mutum ya ƙara shekara ɗaya ya karɓi cikakken digiri. Namu ya yi biyar, ya ƙara PGD, kuma har yanzu wasu wuraren suna tambayarsa ina digirinsa na farko, musamman in koyarwa a jami'a yake nema.

An yi yunƙurin gyara. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke bambancin a 2021, amma Shugaba Buhari ya sauka bai sa hannu ba. A 2023 NBTE ta fito da shirin ƙarin shekara ɗaya da jami'o'in waje don mai HND ya samu digiri, NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba.

Ni dai ban ce a cire sharaɗi gaba ɗaya ba. Malaman jami'a suna da hujja idan suka ce mastas bincike ne, kuma manhajojin biyu ba ɗaya ba ne. To a yi wa kowa jarrabawar shiga mana, wanda ya ci ya wuce, wanda ya faɗi ya je PGD ko daga ina ya fito. Wa ke tsoron wannan?

Yaron dai ya saurare ni har ƙarshe, ya ce tarihin ya yi daɗi, amma ranar Juma'a za a rufe sayar da fom. Yau da safe ya je ya biya kuɗin na PGD.