Tarihin Finafinan Zane Masu Kiɗa: Silly Symphonies (1929–1939)

A shekarar 1928 ne Walt Disney ya fito da Steamboat Willie a Amurka, fim ɗin zane wanda motsinsa ya dace da sauti. Sai makaɗinsa, Carl Stalling, ya kawo shawara: maimakon a gama zane sannan a ɗora masa kiɗa, a fara da kiɗan, zane ya bi shi. Daga nan aka samu jerin gajerun finafinan da ake kira Silly Symphonies, guda 75 daga 1929 zuwa 1939.

Na farkonsu shi ne The Skeleton Dance, wanda Ub Iwerks ya zana mafi yawansa. Ƙwarangwal huɗu ne ke rawa a maƙabarta cikin dare, har ɗaya ya mai da ƙashin bayan ɗan'uwansa abin kiɗa. Labari kusan babu, rawar ce komai. A nan ne asirin salon yake. Fim mai sauti yana nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, don haka mai zane kan ƙirga: idan bugun kiɗa yana zuwa bayan kowane hoto 12, to a kan na 12 ne ƙafa za ta taka ƙasa. Shi ya sa bishiya da gizo-gizo da gajimare duk suke rausaya tare, gaɓoɓinsu suna lanƙwashewa kamar roba. Maimaita taku ɗaya kuma yana rage wa masu zane wahala.

A 1932 Flowers and Trees ya zo da cikakken launi na Technicolor, ya ci kyautar Oscar. A 1937 aka yi The Old Mill da kyamarar da ke ɗaukar zane a kan gilasai hawa-hawa, don hoto ya yi zurfi. A ganina waɗannan finafinai makaranta ce, domin a ƙarshen shekarar ne dogon fim ɗin Snow White ya fito. Kamfanin Warner ma ya bi sawu da Looney Tunes da Merrie Melodies, kuma can Stalling ya koma a 1936.

Sai dai ɗalibin Afirka zai ci karo da abin takaici. Cannibal Capers na 1930 ya zana baƙaƙen fata a matsayin masu cin naman mutane, suna tsalle da manyan leɓɓa, da irin ƙwarewar da aka yi rawar ƙwarangwal da ita.