Littafin da ke ɗaure a jikin teburin sabar

Yaran da ke shigowa sana'ar kula da sabar yanzu, ka tambaye su wace Python ce ke amsawa idan sun kira ta, sai su yi maka zuru. Iyakar saninsu su buga pyenv ko su jawo Docker.

Mu da muka koyi aiki a Naraguta, daura da mazaunin dindindin na Jami'ar Jos, da hannu muka yi. Python 3.0 ta fito a Disamba 2008, ta ƙi jituwa da abin da aka rubuta da ta 2, dole na'ura ɗaya ta ɗauki biyu, wani sa'in uku. CentOS 6 da 2.6 ta zo, kuma a kanta yum, wanda ake girka manhajoji da shi, yake tafiya. Duk wanda ya danne ta da 2.7 ya kashe yum, ga shi da yum ɗin ne zai gyara ɓarnar.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, dokarsa guda ce: wadda ta zo da na'ura ba a taɓa ta. Sabuwa sai a harhaɗa ta, a rufe da make altinstall, a ba ta nata wurin a /opt. Sai kuma littafi. Mai kaurin bango ne, ɗaure da igiya a jikin teburin sabar. Ka sa sabuwa ko ka sauya PATH, jerin wuraren da na'ura ke dubawa in ka kira Python, za ka rubuta lambarta da mazauninta da kwanan wata, ka sa hannu. In ka manta, da safe zai ce, "Yaro, aljani ne ya yi wannan?" Har janareto a littafin nan ake rubuta shi, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar harhaɗawa, mai karɓar aiki ya san inda aka kwana. 

Ian Bicking ya fitar da virtualenv a 2007, kuma ya rage mana wahala, ban musa ba. An yi ban kwana da Python 2 ranar 1 ga Janairu 2020. Amma pyenv da virtualenv PATH ɗin nan dai suke juyawa a bayan fage, kuma ranar da suka cije, wanda ya san shi kaɗai ke iya kwance su.

Don haka ƙannena, kafin ku sauke wata sabuwa, ku buga which python, ku rubuta amsar inda na bayanku zai gani.