Malfar Panama, saƙar Ekwado

Duk namijin da ya zaɓi malfar Panama saboda zafin bazara, aikin masaƙan Ekwado ya ɗora a kansa. A Montecristi da Cuenca ake saƙa ta da hannu, da ganyen shukar toquilla, kuma mafi laushinta kan ci masaƙi watanni. Sunan kuwa fatauci ne ya jawo shi: a ƙarni na 19 ta Panama ake fitar da ita, masu tafiya Kalifoniya neman zinariya suna saye a hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hoton Shugaba Theodore Roosevelt sanye da ita a wurin haƙa mashigin Panama a 1906 ya ƙara kafe sunan. Sai a 2012 UNESCO ta sanya saƙar cikin gadon al'adun duniya da sunan Ekwado.