Masu Jin Kukan Mutum: Tarihin Saurare da Lallashi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, watau kudancin Katsina, ita ce a ke kira Katsina Laka, saboda nauyin ƙasarta da riƙon ruwanta. Sarkin Maska ya ke zaune a Funtuwa, Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ne. An yi rubutu mai yawa a kan audugar wannan ƙasa da dawarta da sarautunta. Amma akwai wani abu da ya riƙe zaman jama'arta wanda ba a cika sa shi cikin lissafi ba, shi ne yadda a ke sauraron mutum in baƙin ciki ya same shi. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna mutanen dā ba su bar wannan al'amari kara zube ba. Sun ba kowa wanda zai ji kukansa, sun kuma sa wa jin kukan lokaci da ladabi.

Tushen abin kunya ce. A gidan Bahaushe, waɗanda su ka fi kusa da mutum su ne sau da yawa bai iya buɗe wa cikinsa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta zauna taɗi da shi. Mace ba ta ambaton sunan mijinta, ɗa kuwa ba ya haɗa ido da ubansa. A.H.M. Kirk-Greene, cikin laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya da haƙuri da amana cikin halayen da Hausawa su ke auna mutum da su. To, wanda kunya ta ɗaure wa baki a ɗaki, haƙuri kuma ya hana shi kuka a waje, ina zai sauke abin da ke ransa? Amsar tana wurin hali na uku, watau amana.

Domin haka aka yi wa kowa ƙofar fita. Yaro yana da kaka, wadda wasa ya halatta masa ya faɗa mata abin da ba ya faɗa wa uwarsa. Saurayi yana da amini, wanda shi ne babban abokin ango ranar aure, shi ne kuma ɗan saƙo ranar rigima. Mace tana da ƙawa da uwar ɗaki. Shaidar wannan tana cikin labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa cikin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Giwa ƙasar Zazzau ce, amma tana kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, al'adun kuma kusan ɗaya ne. Baba ta bayyana cewa ƙawance ƙulla shi a ke yi da musayar kyauta, yana da hakki kamar na zumunta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Bayan waɗannan akwai masu sana'a. Ungozoma da wanzami suna shiga inda baƙo bai shiga. Malami, kafin ya ba da rubutun sha, sai ya ji matsalar daga tushe. Haka boka, haka masu bori, musamman a gidajen Maguzawa, waɗanda su ke da yawa a ƙauyukan Malumfashi. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa na wannan yanki tsakanin 1969 da 1972 yana nazarin cuta da magani. Cikin wata maƙala ta 1981 ya nuna cewa mutanen yankin ba su cika tonon asalin cuta ba, sha'anin magani kuma a asirce a ke yinsa. Wannan ya dace da ladabin mai saurare: ba a tonon mutum, jiransa a ke yi.

Jiran nan yana da tsari. Gaisuwa takan yi tsawo, a tambayi gida da iyali da aiki da gajiya, amsa kuwa kullum lafiya ce, ko da gobara aka kwana da ita. Mai hankali ba ya ruɗuwa da wannan, gama labarin zuciya a tambayi fuska. Yakan zauna, ya sunkuyar da kai, ya bar shiru ya yi aikinsa. In magana ta fara fitowa ba ya katse ta, sai dai ya riƙa tallafa mata da "to", da "ashsha", da "Allah Sarki". Sau da yawa ainihin zancen bai fitowa a zaure, sai wajen rakiya, bayan an bar idon jama'a. Abin da aka ji kuma a nan ya ke mutuwa, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Lokatan ma sanannu ne. In an yi rasuwa a zauna makoki, maza a ƙofar gida, mata a ciki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matar mamaci ta yi takaba wata 4 da kwana 10, 'yan'uwa mata suna kewaya ta. Mai haihuwar fari ta tafi gidan iyayenta, ta yi kwana 40 tana wankan jego a hannun tsohuwa. Wanda ya yi gobara ko aka yi masa sata a je masa jaje. Duk hikimar ɗaya ce: kada a bar mai rauni shi kaɗai a kwanakin da zuciya ta fi nauyi. Zumunta a ƙafa ta ke.

Ba a ce tsarin ba shi da aibi ba. Kalmar haƙuri, wadda ta ke magani a bakin wanda ya gama saurare, takan zama murfi a bakin wanda bai saurara ba. Mata da yawa sun yi yaji, aka mai da su ɗakin miji da "ki yi haƙuri" tun ba a ji abin da ya fito da su ba.

Sa'an nan zamani ya taɓa tsarin. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda ta ratsa Funtuwa, an gama ta a 1929, cinikin auduga ya tara baƙi a gari, mutane masu nisa da kakanni da aminan ƙuruciya. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, taki da masara su ka yaɗu, aikin ƙwadago ya ƙara ƙarfi, gandu kuwa, inda uba da 'ya'yansa su ke noma tare su ci tukunya ɗaya, ya ci gaba da raguwa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi wa'azi cewa tarukan sadakar mamaci bidi'a ne, gidaje da yawa su ka tsaya ga ta'aziyyar kwana 3. Hukuncin wannan na malamai ne. Abin da mai tarihi zai lura shi ne kwanakin zama da mai baƙin ciki sun ragu.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo da 'yan bindiga. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana 6. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun sha hari, mutane su ka watse zuwa garuruwa. Wanda ya gudu ya rasa gona, ya kuma rasa masu jin kukansa, gama su ma sun warwatsu, kowa da nasa ciwon. Al'ada ta san makoki, ta san jaje, amma ba ta tanadi zama ga wanda ya komo daga daji da abin da kunya ta hana shi faɗa ba.

Nan ne maganar ta shafi malaman da ke horon malamai. Yaron da ya zauna shiru a ƙarshen aji, mai yiwuwa kakar da zai faɗa wa tana wani gari, ko ta riga mu gidan gaskiya. Malamin da ya san tarihin nan ba zai tsare shi da tambaya gaban 'yan'uwansa ba. Zai gaishe shi, ya jira, ya taka masa zuwa bakin ƙofa, ya riƙe amanar abin da ya ji, in ya ga ciwon ya fi ƙarfinsa ya kai shi ga likita. Haƙuri kuwa ya bar shi sai ƙarshe, bayan an gama ji.