Majalisar dokokin jaha a Najeriya: mine ne aikinta?

Sau da yawa mukan ji an ce majalisar Kano ko ta Katsina ta yi doka, sai wasu su tambaye mu: ashe jaha ma tana yin doka? Tambayar na da dalili. A nan Nijar doka ɗaya ce daga Yamai har Diffa, gwamna kuma naɗa shi ake yi. Najeriya kuwa tarayya ce: jahohi 36, kowace da zaɓaɓɓen gwamna da majalisarta.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kada kujerun majalisar jaha su gaza 24, kada su wuce 40. Kano na da 40, Katsina 34, Sakkwato 30, Zamfara 24. Ana zaɓen ƴan majalisa duk shekara huɗu, su kuma su fidda kakaki daga cikinsu.

Babban aikinsu yin doka. In sun amince da ƙuduri, sai a kai wa gwamna, yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na ƴan majalisar na iya mai da shi doka ba da shi ba. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗin jaha, su tantance kwamishinoni, su binciki yadda aka kashe dukiyar jama'a. Har gwamna suna iya tsigewa, kamar yadda aka yi wa Balarabe Musa a Kaduna a 1981.

To amma ikonsu na da iyaka. Soja, ƴan sanda, kuɗin naira, duwan da shige da fice duk na gwamnatin tarayya ne a Abuja. Ilimi na cikin abubuwan da ɓangarorin biyu ke tarayya a kai, kuma in dokokinsu suka ci karo, ta tarayya ce a sama. Abin da kundin bai ba tarayya ba, kamar sha'anin sarauta, na jaha ne. Shi ya sa majalisar Kano ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a 2019, ta kuma soke dokar a 2024. Ko gyaran kundin kansa ba ya yiwuwa sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda.

Ina ruwanmu? Ɗan kasuwar da ke bi ta Jibiya ko Illela ya sani: in an rufe iyaka, Abuja ce ta rufe, ɗan majalisar Katsina ba ya iya buɗe ta. Amma dokar da ya tarar a Katsina ba lalle ita ce a Legas ba. Don haka ƴan'uwa, in za ku sauka wata jaha, ku fara tambayar dokarta kafin ku kwance kaya.